Daga Satumbar 2020 zuwa Yulin 2021: bajinta biyar da jinin Najeriya suka yi a ƙwallon kwando

Gaisuwa ta musamman ga masu bibiyarmu daga Gaya da Ajingi, musamman 'yan majalisar da ba sa tashi sai mai shayi ya kashe wuta. Na san a gidajen kallonmu Firimiya da Laliga ne ke da fada. Yau dai ku ba ni aron kunnuwanku, za mu koma ƙwallon kwando.

Akwai wasu watanni goma sha ɗaya, daga Satumbar 2020 zuwa Yulin 2021, da 'ya'yan Najeriya da jikokinta suka riƙa yin abin mamaki a Amurka ɗaya bayan ɗaya. Na zaɓo guda biyar na jera. Ma'aunina uku ne: saura lokaci nawa, me za a rasa in an kuskure, sannan wahalar abin da kansa. Kyan gani kaɗai bai isa ba. Wanda ya dankara ƙwallo a kwando alhali ƙungiyarsa na gaba da maki talatin, ado ya yi kawai.

Kafin lissafin, mu san inda aka faro. Hakeem Olajuwon haifaffen Legas ne, da tsaron gida a ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu ya fara, kuma gasar da ta fara fito da shi a kwando a Sakkwato aka yi ta. Ranar 19 ga Yunin 1994, a wasa na shida na zagayen ƙarshe, ƙungiyarsa Houston Rockets na gaban New York Knicks da 86 da 84. John Starks ya ɗaga zai jefa ta maki uku, wadda in ta shiga kofi ya tafi New York. Hakeem ya miƙe ya taɓa ƙwallon da ɗan yatsa, ta kauce. Houston ta ci wasa na bakwai ta ɗauki kofi. Har yau shi ke riƙe da tarihin yawan tare ƙwallo a NBA, guda 3,830. Ku riƙe wannan, domin uku daga cikin biyar ɗinmu tarewa ce.

Na biyar: OG Anunoby, 3 ga Satumbar 2020. Lokacin korona ne, an killace 'yan wasa a Orlando, babu 'yan kallo. Boston Celtics ta riga ta ci Toronto Raptors wasa biyu, a na uku ma tana gaba da 103 da 101, saura rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙa fa, ƙiftawa da bismillah. Kyle Lowry ya wurgo ƙwallo daga bakin layi ta saman kan Tacko Fall, dogon nan ɗan Senegal, ta tsallake fili gaba ɗaya ta sauka hannun OG a kusurwa. Ya saki, ta shiga, 104 da 103. Yaron ko dariya bai yi ba, tafiyarsa ya yi kamar wanda aka aika. Wanda ya ɗauko OG a 2017 kuwa shi ne shugaban Raptors na wancan lokacin, Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, a can ya koyi kwando. Na sa ta ta biyar ne saboda a ƙarshe Boston ce ta wuce, bayan wasa bakwai.

Na huɗu: Precious Achiuwa, haifaffen Fatakwal, 10 ga Yulin 2021 a Las Vegas. Sai kun tuna baya za ku ji daɗin wannan. A gasar Olamfik ta Landan a 2012, Amurka ta yi wa Najeriya 156 da 73, tazarar maki 83. Shekara tara bayan haka aka sake haɗuwa a wasan share fage. Kevin Durant ya taso zai dankara, Achiuwa ya tarye shi a sama ya mayar masa da ƙwallonsa. D'Tigers, ƙarƙashin koci Mike Brown, suka zuba na maki uku har guda 20, Gabe Vincent ya ci maki 21, aka tashi 90 da 87. Karon farko ke nan da wata ƙasar Afirka ta doke tawagar maza ta Amurka. Na san wasu za su ce ai wannan ce ta ɗaya. A zuciya, e. Amma wasan sada zumunta ne, kuma da aka je Tokyo Najeriya ta sha kashi a wasanninta uku, Amurka ta ɗauki zinare.

Na uku: Giannis Antetokounmpo, 17 ga Yulin 2021, wasa na biyar na zagayen ƙarshe tsakanin Milwaukee Bucks da Phoenix Suns. An haife shi a Atina ta Girka, iyayensa daga Legas suka je, asalin sunan gidan Adetokunbo ne. Bucks na gaba da maki ɗaya tal, 120 da 119, saura ƙasa da daƙiƙa ashirin, ƙwallo na hannun Devin Booker. Jrue Holiday ya fizge ta. Mai hankali a nan riƙewa zai yi ya ci lokaci. Shi kuwa sai ya cilla ta sama saitin kwando, Giannis ya tashi ya cafe ya dankara, duk da turin da Chris Paul ya yi masa. Aka tashi 123 da 119. Na uku ce saboda rabin ladan na Holiday ne.

Na biyu: Bam Adebayo, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, 15 ga Satumbar 2020. Miami Heat na gaban Boston da 116 da 114 a ƙarin lokaci, saura daƙiƙa huɗu ba kaɗan. Jayson Tatum ya wuce mai tsaronsa, ya tashi da ƙarfinsa duka zai dankara da hannun dama. Bam ya sa hannun hagu, wanda ba shi ne hannunsa mai ƙarfi ba, ya tokare ƙwallon a bakin kwando. In kun kalli bidiyon a hankali za ku ga wuyan hannunsa ya lanƙwashe har kusan cikin ragar, amma bai sake ba. Magic Johnson da kansa ya rubuta cewa bai taɓa ganin tsaro irin wannan a wasannin neman kofi ba. Miami ta ci 117 da 114, ta kuma kai zagayen ƙarshe a shekarar.

Na ɗaya: Giannis kuma, 14 ga Yulin 2021, wasa na huɗu. Phoenix ta ci biyu, Milwaukee ɗaya. In aka sake cin Bucks, kusan magana ta ƙare. Sati biyu kafin nan gwiwar Giannis ta lanƙwashe baya a wasa da Atlanta, har mutane suka ɗauka kakarsa ta ƙare. Saura minti ɗaya da daƙiƙa 14, Bucks na gaba da 101 da 99. Booker ya taso da ƙwallo, Giannis ya fito ya tare masa hanya. Booker ya cilla ta sama wa Deandre Ayton da ke bayansa. A cikin numfashi ɗaya Giannis ya juya, ya taka, ya tashi, ya riski ƙwallon a hannun Ayton a saman kwando ya doke ta. Mutum ɗaya ya tsare mutum biyu. Bucks ta ci 109 da 103. Kwana shida bayan haka ya zuba maki 50 a wasa na shida, Milwaukee ta ɗauki kofinta na farko tun 1971. A nan gida wasan ya faɗo cikin daren Babbar Sallah, an fara shi wajen ƙarfe biyu, mutane na barcin gajiyar layya.

Me ya sa ta wuce ta Bam? Ta Bam a wasan farko ce, ko da ya faɗi akwai sauran dama. Ta Giannis kuwa kofin ne kansa a kan mizani, irin ta Hakeem a 1994.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Duk waɗannan biyar, yaro a Ajingi mai data ta naira ɗari biyu zai iya kallonsu yau a YouTube, ta kusurwa uku ko huɗu. To Kano Pillars ta kwando fa? Tsakanin 2008 da 2017 sau bakwai ta zama zakarar Najeriya. A 2016 a Alƙahira ta zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka. Koci Sani Ahmed da 'yan wasa irin su Abubakar Usman sun cika ɗakin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata da ihu. Amma ku tambayi majalisarku a kawo bajinta biyar na Pillars, ku ji shiru. Ba don ba a yi ba ne. Ba a adana ba ne, ba a kuma yi ta maimaita labarin ba. Sannan a Yunin 2017 hukumar kwando ta ƙasa ta rabu biyu, ɓangaren Tijjani Umar ya yi zaɓe a Kano, na Musa Kida ya yi a Abuja, gasar cikin gida ta shiga tangal-tangal na shekaru.

Mutanen Gaya sun fi kowa sanin darajar riƙe labari. Har gobe ana faɗin maƙeran nan Abagayawa da suka tashi daga Gaya suka zauna gindin Dala neman tama, saboda kaka ya faɗa wa jika, jika ya faɗa wa nasa. Yau kowa da kyamara a aljihunsa. In ana wasan makarantu ko na unguwa a kusa da ku, kwando ne ko ƙwallon ƙafa, ku ɗauka, ku rubuta rana da sunan ƙungiya da yadda aka tashi. Wanda kuma ya taɓa kallon Pillars ido da ido a Ƙofar Mata, ya rubuto mana abin da ya gani, mu haɗa namu jerin na gida.

Wanda bai yarda da jerin nan ba, ya kawo nasa da hujja. Na san mutanen Achiuwa ba za su ƙyale ni ba.