Wa Ya Tsaya wa Karatunka? Tarihin Karɓar Karatu Daga Wata Makaranta

Sau da yawa ɗalibi daga Rano ko Kibiya yakan gama makarantar Littafi Mai Tsarki, ya nemi shiga jami'a, sai a ce masa ya faro daga aji ɗaya. Ba a musun ya yi karatu. Abin da ake tambaya shi ne, wa ya tsaya wa karatun nan?

Tambayar ta daɗe a ƙasar Kano. A dā, almajirin ilimi da ya sauke littafi yakan karɓi ijaza daga malaminsa, mai ɗauke da sunayen malaman da aka karɓo littafin daga hannunsu. In ya je Zariya ko Katsina, sunayen nan ne shaidarsa.

Da boko ya zo, sai sunan makaranta ya maye gurbin sunan malami. Kwalejin Ibadan da aka buɗe a 1948 digirin Jami'ar Landan take bayarwa har 1962. A Kano ma, Kwalejin Abdullahi Bayero ta zauna ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962, kafin ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Makarantun tauhidi sun bi wannan sawu: TCNN ta Bukuru, wadda aka buɗe a 1959, ta jingina da Jami'ar Jos, a 1976 kuma aka kafa ACTEA domin tantance makarantun tauhidi a Afirka.

Yau jami'a takan duba abu uku: ko hukumar jami'o'i, NUC, ta amince da inda aka yi karatun, ko darussan sun yi daidai da nata a zurfi da yawan sa'o'i, da kuma makin da ɗalibi ya samu. Mai neman shiga aji biyu kai tsaye sai ya bi ta JAMB. Amincewar ikilisiya daban take da ta gwamnati. Takardar da ta isa a naɗa mutum fasto ba lalle ta buɗe masa ƙofar jami'a ba.

Saboda haka, shugabanni, kafin ku tara baikon manoma ku aika da ɗalibi, ku tambaya: da wace jami'a makarantar ta jingina? Tana ajiye sakamakon kowane darasi a rubuce? Shekara uku ta bawan Allah ba abin wasa ba ce. Matambayi ba ya ɓata.