Asalin Ilimin Ittifaƙin Na'urori

A shekarun 1970, sa'ad da hukumar NASA ta Amurka ta nufi danƙa tuƙin jirgin sama ga kwamfutoci masu duba aikin juna, sai masanan cibiyar SRI ta Kaliforniya suka tarar da mas'ala mai wuyar warwara: idan ɗaya ta lalace har tana aika wa wannan kwamfuta wani adadi, waccan kuma saɓaninsa, ta yaya sauran za su yi ittifaƙi bisa hukunci guda? A 1980 uku daga cikin masanan, Pease da Shostak da Lamport, suka kafa hujja cewa, muddin saƙonni ba su da amintaccen sa hannu, jure wa maha'inciya ɗaya sai da na'urori huɗu, biyu kuwa sai da bakwai. A 1982 suka misalta al'amarin da sarakunan yaƙin Rumawa da suka yi wa birni ƙawanya alhali akwai munafukai cikinsu. A 1985 kuma wasu masana, Fischer da Lynch da Paterson, suka tabbatar cewa, idan jinkirin saƙo ba shi da haddi, mutuwar na'ura ɗaya tak tana iya hana yanke hukunci. Waɗannan ƙa'idoji su ne ginshiƙin karatun fannin a jami'o'i har yau, kuma haƙiƙa wajibi ne ɗalibi ya laƙance su.