Wa Ake Yi wa Jahi? Bambancin Hawan Sallah da Hawan Daba

A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, ta kuma rubuta shi da sunan "durbar". Sunan nan ne ya sa na koma kan wani ra'ayi da ya daɗe yana yawo a tsakaninmu, wai hawan sarakunanmu ƙirƙirar Turawan mulkin mallaka ne da aka yafa wa rigar gargajiya. Tushen ra'ayin sananne ne (Hobsbawm da Ranger, 1983, Apter, 2002 da 2005). Kalmar "durbar", wato daba, ta Farisanci ce, ta bi ta Indiya, inda Ingilishi suka yi manyan taruka a Delhi a 1877 da 1903 da 1911. Gwamna Lugard ya yi aikin soja a can. Daga nan aka yi daba a Kano a 1925 domin Yariman Ingila, da Kaduna a 1956 domin Sarauniya Elizabeth, har zuwa ta FESTAC a 1977. Ba ni da ja da wannan silsila. Inda nake da ja shi ne tsallen da ake yi daga daba a faɗa kan hawan sallah, kamar abu ɗaya ne.

A ganina, abin da ya raba su shi ne inda gaisuwa ta fuskanta. A hawan sallah sarki yana cikin garinsa. A Kano yakan taka da ƙafa zuwa idi, ya komo a kan doki ta cikin unguwanni, talakawa su gan shi ya gan su, sa'an nan hakimai su yi masa jahi a ƙofar gidansa. A daba kuwa kwaso sarakuna ake yi daga garuruwansu, a jera su a fili ɗaya, su wuce ta gaban wani baƙo da ke zaune a rumfa. Doki ɗaya ne, lifidi da kwalkwali da algaita duk ɗaya, amma wanda ake yi wa jahi jiya shi ne yau yake kai gaisuwa.

Wani abokin aiki da na gabatar wa wannan magana bai gamsu ba, kuma hujjojinsa sun cancanci amsa. Da farko ya ce madogararmu ita ce littafin Tarihin Kano, wanda ya jingina wa Muhammadu Rumfa (1463-1499) kakaki da figini da dawakin zage da sallar idi a Shadakoko, alhali manazarta irin su John Hunwick sun nuna a ƙarshen ƙarni na 19 aka rubuta littafin. Na karɓi wannan. Marubucin da ya zo bayan shekara ɗari huɗu ba shaidar gani da ido ba ne, kuma bai kamata mu riƙa ambaton Rumfa kamar mun halarci hawansa ba. Sai dai hujjar takan juya ta sari mai ita. Idan kafin zuwan Turawa a 1903 aka rubuta littafin, to mutanen Kano na wancan zamani sun riga sun ɗauki kayan hawa da fita idi a matsayin tsohon abu, wanda har sai an nemo masa mafari a can baya. Ba a nema wa sabon abu asali mai nisa haka tun kafin wanda ake cewa ya kawo shi ya iso.

Ya kuma ce shaidar matafiyan Turawa da muke kafa hujja da ita ba ta Kano ba ce. Haka ne: mahayan da suka yi sukuwa suka tarye Denham a 1823 na Shehu al-Kanemi ne a Kukawa, jerin gwanon da Barth ya gani ranar babbar sallah a 1850 kuwa na Sarkin Agadas ne. Amma wannan faɗin ƙasa shi ne abin lura. Al'adar da aka gani daga Barno har Abzin da wuya a ce daga Delhi ta taso. Har yau Sarkin Damagaram yana hawan sallah a Zinder, ƙasar da Faransa ta mulka, wadda Lugard bai taɓa yin iko da ita ba.

Hujjarsa ta uku ce ta fi nauyi, ita ce kuma ta tilasta mini rage faɗin da'awata. Kafin zuwan Turawa hakimai a birni suke zaune, jakadu ke kai da kawo tsakaninsu da ƙauyuka. Turawa ne suka tura su gundumomi a shekarun farko na mulkinsu. Ke nan shigowar hakimi birni da tawagarsa domin sallah, wadda yau muke gani kamar ƙashin bayan hawan, tsarin mulkin mallaka ne ya ba ta wannan siffa. Hawan Nasarawa ma, da takwaransa Hawan Bariki a Katsina da Zariya, ziyarar Razdan ce ta zama ziyarar gwamna. A nan sarki ne ke zuwa gaisuwa, kuma ma'aunin da na kafa da kaina ya nuna ruwan daba ya shiga cikin kwanakin sallah.

Saboda haka ba na cewa hawan da muke gani yau shi ne na Rumfa, ko na Sarki Alu da Turawa suka tarar. Abin da shaida za ta iya ɗauka ya fi haka ƙanƙanta: fitar sarki idi da dawakai, da jahin da ake yi masa a ƙofar gidansa, sun girmi 1903, hawa zuwa gidan gwamnati da tara sarakuna a fili ɗaya sun biyo baya. Kowace rana daga kwanakin hawan tana da nata tarihin, kuma sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, daga Hawan Daushe, da sarki ke zuwa gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki, zuwa na Fanisau da na Ɗorayi.