Garwashin Wuta Daga Bagade: Yadda Ikkilisiya Ta Koyi Kiran Allah Mai Tsarki

Karatunmu yana cikin littafin annabi Ishaya, sura 6, aya 1 zuwa 8. In da Littafi Mai Tsarki kusa da ku, ku buɗe wurin, gama daga nan za mu tashi.

Kowace Lahadi muna kiran Allah Mai Tsarki. Muna faɗi cikin waƙa, muna faɗi cikin addu'a, yaranmu ma suna haddacewa tun ba su san ma'anarsa ba. Abin da baki ya saba da shi kuwa, sau da yawa zuciya takan daina jin nauyinsa. Saboda haka yau za mu bi sawun wannan kira, mu ga inda ya fito, da hannuwan da ya bi kafin ya iso gare mu.

A haikalin Urushalima

Ishaya ya ce ya ga Ubangiji a shekarar da sarki Uzziya, wanda ake kuma kira Azariya, ya mutu, wato wajen shekara ta 740 kafin haihuwar Almasihu. Da dalili ya ambaci wannan sarki. Uzziya ya yi shekara 52 yana sarautar Yahuza. Ya gina hasumiyoyi, ya haƙa rijiyoyi, ya ci Filistiyawa da yaƙi. Amma da ya yi ƙarfi sai girmankai ya kama shi. Littafin Tarihi na biyu, sura 26, ya gaya mana ya shiga haikali domin ya ƙona turare, aikin da aka keɓe wa firistoci kaɗai. Babban firist da waɗansu firistoci 80 suka tare shi, ya husata, nan take kuturta ta fito masa a goshi. Ya ƙare kwanakinsa a wani gida dabam, bai ƙara taka haikali ba.

Dukan Urushalima ta san wannan labari, Ishaya kuma ya sani. Ga shi yanzu shi kansa yana tsaye a gaban kursiyin. Mala'ikun da ake kira serafim suna kewaye, kowanne da fikafikai shida: biyu ya rufe fuska, biyu ya rufe ƙafafu, biyu yana tashi da su. Suna kiran juna, suna ce da Ubangiji Mai Tsarki har sau uku. Ibraniyawa sukan maimaita kalma domin su ƙara mata ƙarfi, kamar yadda mukan ce maza-maza. Amma cikin dukan halayen Allah, tsarkinsa ne kaɗai Littafi ya maimaita sau uku a jere. Kalmar Ibrananci kuwa tana nufin wanda yake dabam, keɓaɓɓe, ba shi da na biyu, ba kuwa aibi a cikinsa.

Me annabin ya yi? Ya ga kansa a matsayin halakakke, mai ƙazamin baki, mazaunin cikin jama'a masu ƙazamin baki. Sa'an nan ɗaya daga cikin serafim ya ɗauko garwashi daga bagade ya taɓa bakinsa, aka sanar da shi an kawar da laifinsa. Bayan haka aka aike shi. Mu lura da kyau: wutar da ta isa ta cinye shi, ita ce ta tsarkake shi. Tsarkin Allah yana sa mai zunubi ya yi rawar jiki, shi ne kuma yake jawo shi kusa. Tarihin sujadar ikkilisiya, tarihin ƙoƙarin riƙe waɗannan biyu ne a hannu ɗaya.

Daga Batmusa zuwa Samirna

Babila ta ƙone haikalin nan a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Aka sāke gina shi, Romawa kuma suka rushe shi a shekara ta 70. Ginin ya faɗi, kiran bai mutu ba. Har wa yau Yahudawa suna faɗin kalmomin serafim cikin addu'arsu a majami'a.

Wajen shekara ta 95, a zamanin Kaisar Domitiyan, Yahaya yana tsare a tsibirin Batmusa sa'ad da aka nuna masa kursiyin sama. Ya ji rayayyun nan huɗu suna yin wannan kira dare da rana, ba fasawa. Amma ya ga abin da ba a bayyana wa Ishaya ba: Ɗan Rago yana tsaye kamar wanda aka yanka. Tun ranar da labulen haikali ya tsage daga sama har ƙasa, sa'ad da Yesu ya mutu a kan gicciye, hanyar Wuri Mafi Tsarki ta buɗe. Shi ya sa wasiƙar Ibraniyawa a sura 10 ta kira mu mu matso gabagaɗi ta wurin jinin Yesu, a sura 12 kuma ta tuna mana cewa Allahnmu wuta ne mai ci. Wasiƙa ɗaya ce ta faɗi duka biyun.

Kiristoci na fari sun gane wannan. Wajen shekara ta 96 Kilemas, shugaban ikkilisiyar Roma, ya rubuta wa ikkilisiyar Koranti wadda take fama da tsattsaguwa. Ya tuna musu da mala'ikun da Ishaya ya gani, ya roƙe su su ma su taru su yi kira ga Allah da baki ɗaya. Wajen shekara ta 112 kuma Filini, gwamnan Bitiniya, wanda ba mai bi ba ne, ya kai wa Kaisar Tarajan rahoton binciken da ya yi a kan Kiristoci. Ya ce sukan taru kafin gari ya waye, su yi wa Almasihu waƙa kamar yadda ake yi wa allah, sa'an nan su ɗau alkawari ba za su yi sata ba, ko zina, ko cin amana. Maƙiyi ne ya ba da wannan shaida, cewa waƙarsu da zamansu tafiya ɗaya suke yi.

Wannan imani yana da tsada. Wajen shekara ta 155 aka kama Folikaf, bishop na Samirna, garin da ake kira Izmir a ƙasar Turkiyya ta yau. Tsoho ne tukuf. Abin da aka nema a gare shi kaɗan ne a idon duniya: ya rantse da Kaisar, ya zagi Almasihu, a sake shi. Ya amsa cewa shekara 86 ke nan yana bauta wa Almasihu, bai taɓa cutarsa ba. Aka kai shi wurin wuta. Wanda ya saba kiran Allah keɓaɓɓe ba zai iya raba sujadarsa da wani mahaluki ba, ko da Kaisar ne.

Gardamar Nikiya

Da tsanani ya lafa sai gwaji ya taso daga cikin gida. Wani firist na Iskandariya a ƙasar Masar, mai suna Ariyus, ya fara koyar da cewa Ɗan halitta ne, mafi girma cikin halittu, amma akwai lokacin da babu shi. Kada mu ɗauka gardamar malamai ce kawai. In Yesu halitta ne, waƙar da ake yi masa tun farko bautar gumaka ce. In kuma shi ba Allah Mai Tsarki ba ne, ina zai sami tsarkin da zai ba mu?

A shekara ta 325 sarki Kwanstantin ya tara bishop-bishop a Nikiya, suka shaida cewa Ɗan ainihinsa ɗaya ne da Uba. Atanasiyus na Iskandariya ya tsaya a kan wannan shaida har aka kore shi daga kujerarsa sau biyar. Basil na Kaisariya ya rubuta littafi a kan Ruhu Mai Tsarki wajen shekara ta 375, taron Kwanstantinoful kuma a shekara ta 381 ya shaida cewa Ruhu ma ana yi masa sujada tare da Uba da Ɗa. Iyayen ikkilisiya sun lura cewa Bishara ta Yahaya, sura 12, ta ce ɗaukakar Almasihu ce Ishaya ya gani, Bulus kuma cikin Ayyukan Manzanni, sura 28, ya ce Ruhu Mai Tsarki ne ya yi magana ta bakin annabin. Saboda haka suka ji kiran nan sau uku yabo ne ga Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. A ƙarni na huɗu mun same shi rubuce cikin addu'ar Jibin Ubangiji, a littafin addu'o'in bishop Serafiyon na Masar. Ashe Afirka tana cikin waɗanda suka fara kai kiran serafim wurin teburin Ubangiji.

Sa'ad da tsoro ya kori mutane daga tebur

Cikin ƙarnukan da suka biyo baya, a Turai, hannu ɗaya ya yi nauyi. Aka gina manyan majami'u masu ban mamaki, aka girmama bagade ƙwarai, amma talakawa suka koma 'yan kallo. Ana sujada da Latin, harshen da yawancinsu ba sa ji. Mutane suka ja da baya daga Jibin Ubangiji, har a shekara ta 1215 babban taron ikkilisiya a Roma ya kafa doka cewa kowane Kirista ya ci aƙalla sau ɗaya a shekara, lokacin Ista.

Cikin wannan hali Martin Luta ya tashi a Jamus. A shekara ta 1507, ranar da ya fara tsayawa a bagade a matsayin firist, tsoro ya kama shi har ya kusa gudu, da ya tuna wanda yake magana da shi. Ya yi azumi, ya yi ta furta zunubansa sa'o'i da yawa, bai sami salama ba. Sai da ya zauna a kan wasiƙar Romawa, sura 1, aya 17, ya gane cewa adalcin da Allah yake nema, shi kansa yake bayarwa kyauta ga mai bangaskiya. Luta ya daɗe yana ganin kursiyin, a ranar nan ya ga garwashin. A shekara ta 1526 ya mai da wahayin Ishaya waƙa da Jamusanci, domin manomi da matarsa su rera da bakinsu.

Sa'ad da alheri ya zama abin wasa

Ɗaya hannun ma yakan yi nauyi. Bayan shekara ɗari biyu, a Ingila, mutane da yawa suka riƙe sunan alheri suka yar da tsarkin rai. Jon Wesli, wanda zuciyarsa ta sami tabbacin ceto a Landan ran 24 ga watan Mayu, 1738, ya zaga ƙasar a kan doki yana wa'azin cewa wanda Allah ya gafarta masa, yana kuma sāke shi. Ya tara masu bi ƙungiya-ƙungiya, suna haɗuwa kowane mako suna tambayar juna lafiyar ransu. Tsarkin da ya koyar ya fita har kasuwa: a shekara ta 1774 ya buga ɗan littafi yana la'antar cinikin bayi.

A Ingilar nan ne wani fasto na ƙauyen Hodnet, Reginald Heber, ya rubuta waƙar da take farawa da kiran Allah Mai Tsarki sau uku, domin Lahadin Triniti. Ya zama bishop na Kalkata, ya mutu a Indiya a shekara ta 1826 yana da shekara 42. A shekara ta 1861 aka yi mata muryar da muka sani, aka ba muryar suna Nikiya, domin tunawa da taron nan na 325.

Da ya iso ƙasarmu

A watan Disamba na 1893 Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Ikko da nufin kai bishara cikin ƙasa. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent kuma a Bida. A shekara ta 1904 'yan mishan na SUM suka kafa tasha a Wase, a 1905 kuma Dokta Miller ya zauna a birnin Zariya. Shi da abokan aikinsa, da Hausawan da suka taimaka musu, suka yi ta fama da fassara har aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa a shekara ta 1932.

Kalmar da aka ɗauka kuwa ita ce tsarki. A bakin Bahaushe, yin tsarki yakan nufi wanke jiki da ruwa kafin a tsaya gaban Allah. Kalmar ta dace, gama tana tuna mana ba a zuwa wurin Allah da ƙazanta. Amma bishara ta faɗaɗa ta. Cikin Markus sura 7 Yesu ya nuna cewa abin da yake ƙazantar da mutum daga zuciya yake fitowa, wurin da ruwan buta ba ya kaiwa. Can ne garwashin yake taɓawa.

'Yan'uwa, wannan gādo yana hannunmu yanzu, ramummukan nan biyu kuma suna nan a gefen hanya. Akwai majami'un da kiɗa ya yi yawa, tuba ta yi kaɗan. Ana shiga gaban Allah da ƙarfin hali irin na Uzziya, ana cin Jibin Ubangiji da gaba a zuciya da kuɗin zalunci a aljihu. Akwai kuma inda aka ɗauke tsarki daga wurin Allah aka ɗora wa mai wa'azi, ko kwalbar mai, ko ruwan da ake sayarwa. A wani gefen kuwa akwai ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ta yi shekaru ba ta zuwa tebur, tana cewa ba ta isa ba. Gaskiya ne, ba wanda ya isa. Ishaya ma bai isa ba, bai kuwa wanke bakinsa da kansa ba. Daga bagade aka kawo masa.

Ran Lahadi mai zuwa, sa'ad da za mu tashi mu kira Allah Mai Tsarki, mu tuna da waɗanda muke haɗa murya da su: serafim, da Yahaya a tsibiri, da tsohon nan na Samirna, da kakanninmu cikin bangaskiya waɗanda suka fara rera shi da Hausa. Mu shiga da rawar jiki, mu matso da bangaskiya, mu fita kuma a shirye domin aike.

Bari mu yi addu'a. Ya Allah Mai Tsarki, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ka gafarta mana inda muka mai da sunanka abin sabo. Ka taɓa bakinmu da zuciyarmu ta wurin jinin Ɗanka. Ka komo da waɗanda tsoro ya kora, ka ƙasƙantar da masu girmankai, ka aike mu cikin gidajenmu da gonakinmu da kasuwanninmu mu zama jama'arka keɓaɓɓu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.