Babban allo ba shi ne ƙarfin kwamfuta ba

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Na ga wasunmu na shirin shiga Computer Village ta Ikeja sayen laftof ta hannu saboda furojet, ido kuma duk yana kan masu allon inci 17. Bari in ɗan ba ku tarihinsu.

A Janairun 2003 kamfanin Apple ya fito da PowerBook G4 mai inci 17, kan dala 3,299. Amma me ke cikinta? Firosesa mai gudun gigahaz 1, ram megabait 512, ma'ajiya gigabait 60, nauyi kuwa kilo uku da ɗoriya. Wayar da ke aljihunka yanzu ta fi ta ram nesa ba kusa ba.

A 2006 HP ta kawo Pavilion dv9000, mai gurbin ma'ajiya biyu da maɓallan lamba a gefe. Da yawa daga cikinsu na'urar hoton NVIDIA da ke ciki zafi ya riƙa lalata ta, allo ya yi baƙi ƙirin. Apple ma ta daina yin mai inci 17 a 2012.

To, shawarata: kada girman allo ya ruɗe ka. Tambayi shekarar da aka ƙera ta, duba ram, sannan ka zare caja ka ga minti nawa batir zai riƙe. Kun dai san halin wuta a hostal. Kuɗin nan da gumi iyaye suka tara shi.

Allah ya ba mu sa'a.