Nauyin kayan mai hoto da abin da ke shiga hotonsa

Duk wanda ya mallaki kyamarar da ake canja wa ido ya san gardamar da ake yi da jaka a daren tafiya hutu. Ido ɗaya za a ɗauka ko uku? A tafi da mazaunin nan mai ƙafa uku ko a bar shi? Ko kuwa a bar komai a dogara da wayar aljihu? Ana kallon wannan a matsayin ƙaramar damuwar masu abin hannu, alhali ita ce matsala mafi daɗewa a sana'ar hoto, domin ta taso ne tun ranar da aka fara fita da kyamara bayan gari. Abin da tarihin sana'ar ya nuna shi ne nauyin kaya ne ke zaɓen abin da zai shiga hoto tun kafin mai hoton ya ɗaga kai ya duba. Bafatake ya san kayan da ya ɗaura wa jakunansa su ke zaɓa masa hanya da zango, to haka mai hoto yake: ranar da ya yanke kilo nawa zai ɗauka, ranar ya yanke irin hotunan da zai dawo da su.

A 1839, shekarar da aka bayyana fasahar Louis Daguerre a Paris, cikakken kayan aikin da Alphonse Giroux ke sayarwa ya kai kusan kilo 50, tsakanin akwatin kyamara da allunan tagulla masu shafen azurfa da akwatunan turara su da aidin da zaiba. Duk da haka shekarar ba ta ƙare ba sai da mai zane Horace Vernet da Frédéric Goupil-Fesquet suka kai irin waɗannan kaya Masar. Ci gaban da ya biyo baya ƙara nauyi ya yi. A 1851 Frederick Scott Archer ya fito da hanyar ɗaukar hoto a kan ɗanyen allon gilashi, wadda ke ba da hoto tangaram, amma da sharaɗi mai wuya: a shafa wa gilashin magani, a ɗauki hoton, a wanke shi, duk kafin ya bushe, wato cikin minti 10 zuwa 15. Ma'ana ɗakin wanki dole ya bi mai hoto duk inda ya sa ƙafa, da tantinsa da kwalabensa da tsabtataccen ruwansa. Sannan a wancan zamani ba a saba faɗaɗa hoto ba, girman gilashi shi ne girman hoto. Mai son babban hoto sai ya ɗauki babban gilashi da kyamarar da za ta haɗiye shi.

Lissafin kayan mutanen wannan zamani abin mamaki ne. Roger Fenton ya tafi yaƙin Kirimiya a 1855 da keken doki na wani mai sayar da giya da ya mayar ɗakin wanki, da kyamarori 5 da allunan gilashi 700, ya dawo da hotuna kimanin 360. Francis Frith ya je Masar sau uku tsakanin 1856 da 1860 da allunan da suka kai inci 16 a 20, kuma zafin ƙasar kan sa maganin ya tafasa yana cikin zuba shi, har ya riƙa shiga tsofaffin kaburbura yana aiki saboda sanyi da duhunsu. Auguste-Rosalie Bisson ya hau ƙololuwar Mont Blanc a 1861 da 'yan dako 25, ya sauko da hotuna 3 daga can sama. Samuel Bourne ya shiga Himalaya a 1863 da 'yan dako 30, ya shiga Kashmir a shekara mai bi da 42. A Amurka kuwa alfadarai ne suka ɗauki kayan William Henry Jackson, wanda hotunansa na Yellowstone a 1871 suna cikin abubuwan da aka nuna wa 'yan majalisa kafin a keɓe wurin a 1872. A 1873 alfadarinsa ya zame, aikin makonni ya tarwatse, sai da ya koma baya ya sake ɗauka.

A duba abin da ke cikin hotunan da wannan ɗawainiya ta haifar. Duwatsu ne da ƙanƙara da kangaye da dalar Giza, abubuwan da za su tsaya su jira a sauke kaya, a kafa tanti, a shafa gilashi. Kasuwa mai ci ba ta jira, yaro mai gudu ba ya jira, saboda haka Masar da Indiyar da Turawa suka gani a littattafan hoto na wancan lokaci ƙasashe ne na gine-ginen matattu, mutanen da ke raye a cikinsu kaɗan ne suka samu shiga. Waɗanda suka shiga ɗin ma galibi masu ɗaukar kayan ne, an tsayar da su gefen ginshiƙi don mai kallo ya gane tsayinsa. Maxime Du Camp, wanda ya bi kogin Nilu tare da marubuci Gustave Flaubert daga 1849, ya ba da labari da kansa cewa ya tsorata wani matuƙin jirgin ruwa da yake tsayarwa a hotunansa, ya ce masa bakin kyamarar igwa ce da za ta tashi in ya motsa. Idan ana yabon juriyar waɗannan masu hoto, ya kamata a tuna kan wa kayan suke. Sunan Bisson ne a ƙasan hoton Mont Blanc, amma wuyan mutum 25 ne ya kai gilashin can.

Wani shirin tafiya hutu ne ya kawo sauyi mafi girma. Wajen 1877 wani matashin akawun banki a Rochester, George Eastman, ya yi niyyar zuwa Santo Domingo, wani abokin aikinsa ya ba shi shawara ya ɗauko hotuna. Da ya sayi kayan ya tara su, sai ya ga kaya ne na doki guda. Tafiyar ba ta yiwu ba, amma ya kama neman hanyar raba matafiyi da wannan kaya. A 1888 ya fito da Kodak, akwatin da bai kai kilo ɗaya ba, mai ɗauke da naɗin fim na hoto 100, a kan dala 25. In fim ya ƙare a aika kyamarar gaba ɗaya Rochester da dala 10, a wanke, a buga, a sa sabon fim a dawo da ita. Eastman bai kashe nauyin ba, masana'anta ya kai shi. Tanti da kwalabe da ruwa suna nan, sai dai sun daina tafiya. A 1900 ya ƙara da Brownie ta dala ɗaya, daga nan hoton tafiya ya cika da abin da da can ba ya shiga: iyali a bakin teku, abokan tafiya a tashar jirgi, mai talla da ya juyo da fuska.

Mai ja zai ce an ɗora wa nauyi laifin da ba nasa ba. Abin da ya hana mutane shiga tsofaffin hotuna, in ji shi, jinkirin magani ne, tunda sai an bar idon kyamara a buɗe na daƙiƙoƙi, kuma da aka samu busasshen gilashi mai sauri bayan aikin Richard Leach Maddox na 1871 matsalar ta kau. Akwai gaskiya a nan, domin ba don magani mai sauri ba da ba a iya riƙe kyamara a hannu ba. Amma sauri shi kaɗai bai isa ba, kuma labarin Frank Hurley ya isa hujja. Shi ne mai hoton tawagar Ernest Shackleton da jirginsu Endurance ya maƙale a ƙanƙarar Antatika a 1915. Lokacin da jirgi ke ɗauke masa kaya, manyan kyamarorinsa da busassun allunansa masu sauri sun ba da hotuna tsararru na jirgin a cikin ƙanƙara, har da wanda ya ɗauka da dare da hasken wuta da ya shirya a wurare da dama. Da ƙanƙara ta murƙushe jirgin, aka koma jan kwale-kwale da ƙarfin mutum, shi da Shackleton suka zauna suka zaɓi alluna kimanin 120, suka farfasa kimanin 400 nan take don kada zuciya ta raya masa ya koma ya ɗauka. Ya bar manyan kyamarorin, ya riƙe ƙaramar Kodak ta aljihu da naɗin fim 3. Hotuna 38 da ya ɗauka da ita ba su da kyan na farko, amma su ne suka nuna mutanen da suka galabaita a tsibirin Elephant da kuma tura kwale-kwalen da ya tafi neman ceto a 1916. Mutum ɗaya ne, idonsa bai canja ba, kayan kawai suka canja, sai abin da yake ɗauka ya canja tare da su. Irin wannan tunani ne ya sa Oskar Barnack na kamfanin Leitz a Wetzlar, mai fama da ciwon asma da son yawon daji, ya ƙera ƙaramar kyamara mai amfani da fim ɗin silima kafin yaƙin duniya na farko. Ta fito kasuwa a 1925 da sunan Leica, a kan dabarar ƙaramin dodon hoto da za a faɗaɗa daga baya. Henri Cartier-Bresson ya sayi tasa a 1932, ya yi mafi yawan aikinsa da ido ɗaya mai milimita 50, a cikin titunan da masu tanti ba su taɓa iya tsayawa ba.

Ja na biyu ya fi ƙarfi. Hotunan Frith da Bourne har yau suna da tsabtar da ƙaramar kyamara ta daɗe ba ta kamo ba, kuma Ansel Adams ya zaɓi babbar kyamara da gangan a zamanin da ƙanana suka wadata. A 1927 ya hau dutse a Yosemite da kaya kusan kilo 18 da alluna 12 kacal, saura biyu a hannunsa lokacin da ya isa gaban Half Dome, kuma na ƙarshen ne ya zama hoton da ya fito da sunansa. Ba mai musun cewa nauyi na sayen inganci. Sai dai Adams ya san dutsen da ya nufa tun daga gida, kuma aiki ya je yi, babu iyali a gindin dutse suna jiransa da yunwa. Nauyinsa na abu ɗaya ne sananne. Jakar mai hutu da ta cika maƙil yawanci akasin haka ce, rashin sanin abin da za a ɗauka ne ke cika ta, kowane ido an sa shi ne saboda ko-da. Ga jiki magayi: kafaɗar da ta kwana biyu da kilo 8 ita ke yanke hukunci a rana ta uku, jaka ta zauna a ɗakin otal.

Abin lura kuma shi ne duk lokacin da fasaha ta rage kaya, matafiya kan sake cika gurbin. Bayan Nikon F ta 1959 da ire-irenta masu canjin ido, jakar ɗan yawon buɗe ido ta koma nauyi da idanu da fitilu da naɗe-naɗen fim. Zamanin dijital ya cire fim ya kawo batura da caja da kwamfuta, ga kuma ƙaramin jirgin ɗaukar hoto daga sama. Yanzu iyakar a filin jirgi take, inda kamfanoni da yawa ke tsayar da jakar hannu a kilo 7, kuma dokar tsaro ta hana saka baturan litiyom na ajiya a kayan da ke tafiya a ɗakin kaya na jirgi. Wannan lissafi bai bar 'yan sama jannatin Apollo ba, waɗanda suka ciro fim suka bar kyamarorin Hasselblad 12 a duniyar wata don samun gurbin duwatsun da za su kawo.

Mafi yawan matafiya sun riga sun yanke nasu hukuncin, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan sun nuna an fitar da kyamarorin dijital kimanin miliyan 121 a 2010, amma a 2020 ba su kai miliyan 9 ba, wayar aljihu ta cinye kasuwar. Ita ma wayar tana zaɓar wa mai ita abin da zai ɗauka, domin gwanarta na kusa ne, shi ya sa hoton tafiya na yau ya cika da fuskoki da farantan abinci. Tsuntsu a kan reshe mai nisa ko giwa a ƙetaren kogin Gaji a Yankari har yanzu sai dogon ido mai nauyi, kuma masu zuwa da shi su ne waɗanda suka baro gida saboda giwar.