Taurarin Damina da Ruwan Tiga: Hisabin Manomi da Da'awar Ɗan Duba a Tarihin Ƙasar Kura da Bunkure

Gabatarwa

Tambayar ko kimiyya ta gaskata ilmin taurari ko ta ƙaryata shi ba ta amsuwa da kalma ɗaya, domin sunan ya tattara abubuwa biyu. Malamai, cikinsu har da Ibnu Rajab al-Hanbali, sun raba shi zuwa ilmin tasyiri, wato lura da tafiyar taurari don sanin lokaci da alƙibla da hanya, da ilmin ta'asiri, wato da'awar cewa taurari ne ke haddasa abin da ke aukuwa a ƙasa ko suke bayyana gaibu. Tarihin noma a ƙasar Kura da Bunkure, kudu da birnin Kano, ya nuna yadda kowannensu ya kaya da aka jarraba shi.

Lissafin da manoma suka gāda

Kafin zuwan kalandar Turawa, manomin wannan yanki yana da lissafi biyu. Watannin Hijira na azumi da layya ne, amma suna zagaya yanayi, ba su tsayawa a kan damina. Don haka sha'anin gona ya dogara da manzilolin wata guda 28, waɗanda malamai suka karɓo daga littattafan Larabawa. Kowane manzili yana da kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. An raba su bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da hunturu. Na damina su ne Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha da Harsan. Da su dattijo ke auna ko shuka ta yi latti, ko ruwa ya kusa ɗaukewa.

Sai dai wannan lissafi ya zauna kafaɗa da kafaɗa da wani abin dabam. Muhammadu bn Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, ya wallafa Ad-Durrul Manzum kan ɗalamisai da taurari, shaidar cewa fannin ya yi zurfi a tsakanin masu ilmin ƙasar Hausa. A ƙauyuka kuwa akwai ɗan duba da mai bugun ƙasa, masu zaɓa wa mutane ranar aure da ranar tafiya, su karɓi lada.

Matsayin malaman jihadi

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya yi kakkausar suka a Nurul Albab ga masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zane a ƙasa ko halin taurari. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya keɓe wa mas'alar littafi sukutum, Tanbihu Ahlil Fuhum, kan wajibcin nisantar masu rufa-ido da masu duba da taurari. Duk da haka lissafin manziloli ya ci gaba a makarantun ilmi bayan jihadi, har aka tsara shi cikin waƙoƙin ajami.

Dalilin wannan rarrabewa yana cikin hadisin Zaidu bn Khalid al-Juhani da ke Muwaɗɗa da Sahihai biyu. Bayan ruwan da aka yi da dare a Hudaibiyya, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya bayyana cewa wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah mumini ne, wanda ya jingina shi ga tauraro kuwa ya kafirce. Imam Shafi'i ya fayyace a Al-Umm cewa wanda yake nufin lokaci kawai, wato an yi ruwa a kwanakin tauraro kaza, bai kafirta ba, ko da yake wani lafazin ya fi soyuwa a gare shi.

Fari da madatsar ruwa

A farkon shekarun 1970 fari mai tsanani ya afka wa ƙasashen Sahel, ya kai maƙura a 1973, ya sake dawowa a 1983 da 1984. Haƙa'a da Jabha sun fito a kwanakinsu kamar kowace shekara, amma gero ya ƙone a gona. Da tauraro ne ke saukar da ruwa, da shekarar wadata da shekarar yunwa ba su bambanta ba.

A daidai wannan lokaci gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, aka kammala ta a 1974. Daga nan aka jawo ruwa ta babbar magudana zuwa Kadawa da gonakin da ke ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam a yau, daga bisani aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Noman rani, wanda a dā sai mai fadama da jigo, ya zama sana'ar dubban gidaje. Ruwa ya riƙa shiga gona a kwanakin Shaula da Na'a'im, taurarin hunturu, ana fitar da alkama da tumatir da albasa. Manomi ya ga da idonsa cewa Allah Ya rataya arzikin gona ga sababai da ake iya sani, a kuma yi aiki da su.

Lura da lokaci kuwa ba ta faɗi ba. Binciken tashar Kadawa ta Jami'ar Ahmadu Bello ya nuna alkama tana son a shuka ta wajen tsakiyar Nuwamba, domin ta sami sanyi kafin zafin bazara ya riske ta. Abin da dattijo ke nema a wurin manzili ke nan: sanin lokacin da ya dace.

Abin da kimiyya ta tabbatar

Masana yanayi sun bayyana cewa damina tana zuwa ne idan iska mai laima daga Tekun Atilantika ta turo arewa ta kori busasshiyar iskar Sahara, kuma wannan yana bin tafiyar rana. Fitowar manziloli da asuba ita ma rana take bi, shi ya sa suke haɗuwa da yanayi, kamar yadda agogo ke nuna azahar alhali ba shi ya karkatar da rana ba. Masana falaki sun ƙara da cewa kwanakin fitowar taurari suna gusawa da kwana guda a kimanin kowace shekara 72, don haka jadawalin da ya shekara dubu ya kauce da kusan manzili guda, yana bukatar gyara.

Da'awar ta'asiri kuwa ta faɗi a duk inda aka auna ta. A shekara ta 582 bayan Hijira, wato 1186, masu duba sun yi hasashen guguwa mai halaka duniya saboda haɗuwar taurari a burujin Mizani, lokacin ya zo ya wuce lafiya. Ibnu Khaldun ya ware fasali a Muƙaddima don rushe wannan sana'a. A 1985 mujallar Nature ta buga gwajin Shawn Carlson a Amurka, inda aka ba masu duba jadawalin haihuwar mutane don su gano halayensu cikin zaɓi uku, ba su wuce abin da mai cankar kawai zai samu ba.

Kammalawa

Kuskure biyu ke fuskantar mai wa'azi a Kura ko Bunkure. Na farko shi ne ya ji dattijo ya ce an shiga Ɗarfa, ya yanke masa hukuncin shirka, alhali Suratu Yunus da Suratun Nahli sun ambaci manzilolin wata da shiryuwa da taurari cikin ni'imomin Allah. Na biyu shi ne ya yi shiru ga wanda ke karɓar kuɗin manomi don zaɓa masa ranar sa'a, ko ga matasan da ke bin hasashen buruji a wayoyinsu. Haramcin duba ya tabbata da nassi tun kafin a yi wani gwaji, kimiyya shaida ce da ta zo daga baya. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara kuwa zato ne da aka gina a kan sababai, yana dacewa yana kuma kuskurewa, manomi ya yi aiki da shi yana mai dogara ga Allah. Allah ne Mafi sani.